Kaki, Shafin Roba ko Seramik: Wanne Ya Fi Kare Mota Daga Ƙura da Taɓo?

  A wannan fitowa za mu duba wata tambaya da ake yawan ji a tashar mota da wuraren wanki, tun daga Tumbutu har zuwa cikin Malanbil da Gene. Masu kanti suna kawo gwangwanaye da kwalabe iri-iri daga Kwatano da Najeriya, kowanne da alkawarin da aka buga a jikinsa, wani ma har yana cewa datti ba zai ƙara zama a jikin mota ba. To, a cikinsu wanne ne ya fi gaskiya, kuma wanne ne ya dace da ƙasarmu?

Wani zai ce wannan zance ne na masu hannu da shuni. Ba haka ba ne. A gidaje da yawa mota ko babur shi ne jarin iyali baki ɗaya. Da shi ake kai albasa da shinkafa kasuwa, da shi ake kai mai naƙuda asibiti, kuma shi ake sayarwa ranar da wata babbar larura ta taso. Mai saye kuwa da ido yake fara ciniki: motar da fentinta ya ƙoƙe, ko da injinta lafiya lau yake, sai an karya mata daraja. Ga kuma yaran da ke wanki, waɗanda sau tari akan ɗora musu laifin zanen da ba su san dalilinsa ba. Don haka batun ya shafi dukiya, ya kuma shafi yi wa mutane adalci.

Abin da ake ƙoƙarin karewa

Fentin motocin zamani hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai shafin da ke hana tsatsa, a kansa akwai launi, sannan a can sama akwai wani shafi garau marar launi, wanda shi ne yake ba mota sheƙi. Ana auna kaurinsu da ma'aunin da ake kira mikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Duka hawan idan an haɗa su sukan kama daga mikiron 100 zuwa 150, shi kuwa garau ɗin na sama bai cika wuce mikiron 40 zuwa 50 ba. Gashin kan mutum ɗaya yakan kai mikiron 70. Ke nan dukan kyan motar da ka ba da kuɗi masu yawa a kanta yana rataye ne a kan abin da bai kai kaurin gashi ba. Idan wannan ya cinye, babu man da zai dawo da shi, sai dai sabon fenti.

Akwai motoci da yawa a nan da aka sake yi wa fenti a gareji, launi da sheƙi a haɗe, babu garau a sama. Gane su ba wuya. Ka sami farin ƙyalle, ka ɗiga masa ɗan man goge fenti, ka murza a wani lungu. Idan launin motar ya fito a ƙyallen, to irin wannan ce. Ita ta fi saurin ƙoƙewa a rana, ta kuma fi buƙatar a riƙa shafa mata kariya.

Datti ba iri ɗaya ba ne

Kafin a ce wane mai ya fi, sai a tambaya: ya fi a kan wane datti? Mu nan iri uku muke fama da su.

Na farko ƙurar hunturu, wadda ke sauka daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Maris. Babban tushenta shi ne kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, inda a zamanin da can ruwan tafkin Cadi ya taɓa kwanciya kafin ya janye. Masana suna lissafa wannan kwari a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, har iska kan ɗauke ta ta tsallaka teku da ita zuwa dajin Amazon. A hannu laushi gare ta kamar garin alkama, amma a cikinta akwai ɓarɓashin dutsen yashi. Wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara ma'aunin taurin duwatsu a shekarar 1812, daga 1 zuwa 10. A kan wannan ma'auni farcen mutum yana wajen 2.5, gilashin taga yana wajen 5.5, dutsen yashi kuwa 7 ne. Abin da ya fi gilashi tauri, me zai bar wa fenti?

Na biyu taɓon damina, musamman na jar ƙasa da ke hanyoyin ƙauyukanmu da laka ta fadamar kogi. Jar ƙasa tsatsar ƙarfe ce ta ba ta launinta, shi ya sa takan rina farar mota idan ta daɗe a kai.

Na uku shi ne mai mannewa: kashin tsuntsu da na jemage, ƙaron itace, ƙwarin da ke fashewa a gaban mota da dare, ɗigon kwalta a hanyar Kandi da Paraku, da kuma farin tabon da ruwan rijiya ko na burtsatse ke bari idan ya bushe. Wannan rukuni ne ya fi ɓarna, domin wasu daga cikinsu suna cin fentin ne ci, ba zama kawai suke yi a kansa ba.

Kaki

Shi ne mafi daɗewa, kuma a jikin gwangwanin da aka rubuta da Faransanci za ka ga an sa "cire". Wanda ya fi suna shi ne kakin karnuba, da ake kaɗowa daga ganyen wani irin giginya da ke fitowa a arewa maso gabashin Barazil, a jihohin Piauí da Ceará da Maranhão. Itacen yana fitar da kakin ne domin ya hana ganyensa bushewa a lokacin rani. Ana sare ganyen, a shanya, a kaɗe garin, a narka. Yana narkewa ne a zafin digiri 82 zuwa 86, alhali kakin zuma da muka sani yana narkewa tun a wajen digiri 62 zuwa 64. Kamfanin Simoniz na Amurka ya fara sayar da irinsa domin motoci tun wajen shekarar 1910.

Sai dai karnuba tsantsa tauri gare shi kamar dutse, ba ya shafuwa. Dole sai an gauraya shi da mai da wasu kakin masu laushi. A nan matsalarmu take. A watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa kan haura digiri 40 a Malanbil, murfin injin baƙar mota kuwa da ke tsaye a rana yana iya kaiwa digiri 70 ko fiye. A irin wannan zafi mayukan da ke cikin kakin sukan yi laushi, su ɗan yi danƙo, ƙura ta sami wurin kamawa, sannan a hankali su ƙone. Kakin da zai yi wata biyu ko uku a ƙasar sanyi, a nan da wuya ya wuce makonni kaɗan idan motar a rana take wuni.

Amfaninsa kuwa ba a musu. Yana da araha, kowa na iya shafa shi da hannu, idan an yi kuskure a wanke a sake. Yana cike ƙananan zane ya ɓoye su, shi ya sa tsohon fenti ke farfaɗowa a ƙarƙashinsa. Wannan ne dalilin da ya sa dillalan motoci suke ƙaunarsa, kuma shi ne dalilin da ya kamata mai saye ya yi hattara da motar da ke ƙyalli fiye da shekarunta.

Shafin roba

Wannan ba daga itace aka samo shi ba, a masana'anta aka haɗa shi. Ruwa-ruwa ne kamar madara, a cikinsa akwai sinadaran dangin roba waɗanda idan sun sha iska sai su sarƙe da juna su kama jikin fenti. Ana shafa shi siriri, a bari ya ɗan bushe, a goge, sannan a hana ruwa taɓa motar na tsawon awa 12 zuwa 24 domin ya gama kamawa. Da yake babu mai mai yawa a cikinsa, zafi ba ya narka shi kamar kaki, jikinsa kuma santsi ne busasshe. Ƙura takan sauka a kai, amma ba ta samun danƙon riƙewa. Yakan yi wata huɗu zuwa shida, wasu su wuce haka idan motar tana kwana a rumfa kuma ana wanke ta da sabulu marar kaifi.

Rauninsa shi ne ba ya ɓoye aibi kamar kaki, kuma ba ya kamawa a kan fentin da ke da sauran mai ko tsohon kaki. Wanda ya shafa shi a kan datti ya yi asarar kuɗinsa.

A 'yan shekarun nan an cika kasuwa da wasu kwalaben fesawa da aka rubuta wa sunan seramik. Yawancinsu a wannan aji suke: shafin roba ne da aka ɗan sa wa sinadarin yashi. Suna da kyau kuma suna da sauƙin aiki, amma watanni suke yi, ba shekaru ba. Kada a biya musu kuɗin abin da ba su ba ne.

Rufin seramik

Seramik na gaskiya a 'yar ƙaramar kwalba yake zuwa, mililita 30 ko 50, wadda ta isa mota guda. Idan aka shafa shi, sai ya haɗu da laimar da ke cikin iska ya daskare, ya zama wani siririn ɓawo dangin gilashi wanda ya manne da fenti. Kaurinsa bai cika wuce mikiron 1 ko 2 ba. Zafin rana ba ya narka shi, sabulu mai kaifi ba ya saurin cire shi, kuma masu yin sa sukan ba shi shekara biyu zuwa biyar. Taɓo ba ya kama shi da ƙarfi, kashin tsuntsu kuma yakan ɗauki lokaci kafin ya ratsa shi.

Amma akwai abubuwa uku da mai sayarwa ba zai gaya maka ba. Na ɗaya, aikin da ke gabansa ya fi shi kansa wuya da tsada. Sai an wanke motar, an cire duk abin da ya manne, an goge zanen da ke jiki da inji, an share mai. Duk aibin da aka rufe a ƙarƙashinsa ya zauna ke nan, kuma idan an shafa shi ba daidai ba, ba ya wankuwa, sai an kankare da inji, a ci daga cikin wancan garau da muka ce bai kai gashi kauri ba. Na biyu, yana son ɗaki rufaffe marar ƙura, da iska mai ɗan laima. Wanda ya shafa shi a fili cikin hunturu, ya binne ƙura a cikin rufinsa, ga iskar kuma a bushe ƙayau. Na uku, lambar nan 9H da ake bugawa da manyan baƙaƙe ba daga ma'aunin Mohs take ba. Taurin fensir ne, irin wanda 'yan makaranta ke gani a jikin fensirinsu, HB da 2H da sauransu. Ma'anarta ita ce fensir mafi tauri bai zana shi ba. Fensir kuwa ba ya zana gilashin taga, amma yashi yana zana shi. Saboda haka motar da ke da seramik, idan aka goge ta da busasshen tsumma cikin hunturu, za ta zanu kamar kowace.

Akwai na huɗu wanda ya kamata a ambata domin cikar bayani, wato fatar roba garau da ake mannawa a gaban mota, mai kaurin mikiron 150 zuwa 200. Ita kaɗai ce ke iya tare tsakuwar da tayar babbar mota ke harbowa. Tsadarta da ƙarancin masu iya manna ta sun sa ba ta zama ruwan dare ba.

Darasi daga ganyen gwaza

Duk wanda ya taɓa ganin ruwan sama a kan ganyen gwaza ya san yadda yake dunƙulewa ya gangara, ya bar ganyen a bushe kuma fes. Wasu masana tsirrai biyu na jami'ar Bon a Jamus, Wilhelm Barthlott da Christoph Neinhuis, sun bayyana sirrin wannan a shekarar 1997, bayan sun duba irin waɗannan ganyaye da madubin ƙara girma. Sun nuna cewa fuskar ganyen cike take da ƙananan ƙuraje da kaki ya lulluɓe, ta yadda ɗigon ruwa ba ya samun wurin zama sai a kan tsininsu, idan ya gangara kuma sai ya kwashe ƙurar da ya tarar a hanya. Ana auna wannan da kusurwar da ɗigon ke yi da fuskar da yake kai. Idan ta haura digiri 90, an ce fuskar tana ƙin ruwa. A irin waɗancan ganyaye takan haura digiri 150. Mayukan mota kuwa, har da seramik, yawanci a tsakanin 90 da 115 suke tsayawa. Ke nan babu wanda ya kai ganyen gwaza, ko da an zana hotonsa a jikin kwalba.

Abu na biyu da wannan ke koya mana ya fi muhimmanci. Ko ganyen gwazan ma sai da ruwa yake wanke kansa. Mu kuwa mukan yi wata shida ko bakwai ba a ga ɗigon ruwan sama ba. A tsawon wannan lokaci alkawarin "mota mai wanke kanta" ba shi da wurin cika.

Dunƙulewar ruwa kuma tana da nata aibi. Ruwan rijiya da na burtsatse yakan ɗauko gishirin ƙasa. Idan ya tsaya ɗigo-ɗigo a kan mota mai zafi, ruwan ya tashi, gishirin ya zauna a matsayin farin zobe. Haka ma yayyafin farkon damina, wanda ke saukowa da ƙura, yakan bar mota da dabbare-dabbare. A nan seramik ba shi da wata fifiko, hasali ma wannan tabo shi ne sanannen rauninsa, kuma da yake shekaru zai yi a jiki, tabon ma yakan daɗe tare da shi. A kan kaki kuwa, tabon yakan tafi ranar da kakin ya tafi.

Idan aka jera su

A kan busasshiyar ƙura babu gwani. Duk ukun ƙura tana sauka a kansu, musamman da yake bushewar iska da guga suna sa jikin mota ya riƙa jawo ta, kamar yadda biro da aka goga a gashi ke ɗaukar guntun takarda. Bambancin kawai shi ne kaki mai maiƙo ya fi riƙe ta, sauran biyun kuma ruwa kaɗan ya isa ya sauke ta.

A kan taɓo seramik ne gaba, shafin roba na bin sa kusa, kaki kuma yana yin kyau a makonnin farko kafin ya gaji.

A kan mai mannewa, wato kashin tsuntsu da ƙaro da ƙwari, seramik ya fi ba ka lokaci, amma lokaci ne kawai. Wanda ya bar kashin jemage ya kwana biyu a rana zai ga shatinsa, ko me ya shafa.

A kan tabon ruwa duka suna da rauni, magani ɗaya ne: a tsane mota da ƙyalle kafin ta bushe da kanta.

A kan jure zafi da sabulu, seramik ne na ɗaya, shafin roba na biyu, kaki na ƙarshe. A kan araha da sauƙin gyara kuskure kuwa, sai a juya jerin.

Al'adun da ke ɓata aiki

Akwai masu goge mota ko babur da gazuwal, ko kananzir, ko baƙin mai. Na ɗan lokaci takan yi ƙyalli, amma maiƙon tarkon ƙura ne, yana kuma narkar da duk kakin da ke ƙasa, ya lalata robar bakin gilashi. Wasu sukan shafa wa taya man birki domin ta yi baƙi. Wannan mai yana cin fenti, ɗigonsa kaɗan ya isa ya tayar da shi. Garin sabulun wanki kuma, irin su Omo, an yi shi ne domin ya cire maiƙo daga tufafi, don haka wanki kaɗan da shi ya isa ya raba mota da kakinta. Sai babbar al'adar da ta fi kowace ɓarna, wato kaɗe ƙura da busasshen tsumma kowace safiya. Zanen nan mai kama da saƙar gizo-gizo da ake gani a jikin baƙar mota idan rana ta haska, daga nan yake fitowa. Maigidan da ya ba yaro bokiti ɗaya da tsohuwar riga, ya ce ya yi sauri, bai kamata ya zage shi a kan zane ba, domin kayan aikin da ya ba shi su suka yi zanen.

Tampol ma yana da sharaɗi. Idan aka rufe motar da ke da ƙura, iska ta riƙa kaɗa tampol ɗin, ya zama ana gurza ta dare da rana. Masu manyan motoci sun ga abin da doguwar tsayuwa ke yi a shekarar 2023, lokacin da aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Gaya bayan juyin mulkin Yamai na watan Yuli, ɗaruruwan motoci suka yi makonni a jere cikin rana da ruwa. Motar da za ta daɗe a tsaye, a wanke ta tukuna, a shafa mata kariya, a nema mata inuwar rumfa, ba gindin itacen da tsuntsaye ke kwana ba.

Wankin da ya dace

A yi shi da sassafe ko da yamma, jikin mota a sanyaye. A fara watsa ruwa daga sama zuwa ƙasa ba tare da an taɓa ta ba, domin yashi ya sauka. A tanadi bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye ƙyalle, kada yashin da aka kwaso ya koma jiki. Ƙafafu da gindin mota su zo a ƙarshe, da wani ƙyalle daban. A tsane nan take. Idan ruwan kogi ne, a bari ya kwanta tukuna, domin lakar da ke cikinsa ita ma yashi ce. Ruwan sama da aka tara ya fi kowanne, tun da ba shi da gishiri. Kada kuma a shigar da mota ko babur cikin kogi ko hanyar ruwan shinkafa domin wanki. Mai da sabulun da ke sauka suna tafiya ne zuwa ga kifin masunta da gonar maƙwabci da tulun wani gida.

Da damina a kula da ƙarƙashin mota fiye da samanta. Lakar da ke maƙalewa a ramin taya tana riƙe laima, daga nan tsatsa ke farawa, kuma motocin da suka fito ta tashar jirgin ruwan Kwatano da yawansu sun riga sun sha gishirin hanyoyin Turai da iskar teku kafin su yi tafiyar fiye da kilomita 700 zuwa nan. Sannan a kiyaye: kada kaki ko wani mai santsi ya taɓa sirdin babur, ko maƙamar hannu, ko birki, ko cikin taya, ko gilashin gaba. Wannan batun rai ne. Motar da aka yi wa sabon fenti kuma a bar ta wata ɗaya zuwa uku kafin a rufe ta da komai, domin fentin ya gama fitar da ruwansa.

To, wa ya kamata ya sayi me?

Mai babur na haya da direban tasi, waɗanda kullum suna kan hanya kuma kullum sai sun yi wanki, shafin roba ya fi dacewa da su, ko na fesawa. Sau biyu a shekara ya wadatar: a ƙarshen Oktoba bayan ɗaukewar ruwa kafin hunturu ya sauka, sai kuma a watan Mayu kafin damina ta kankama. Mai tsohuwar mota wadda fentinta ya fara gajiya, kaki ne abokinsa, muddin ya san zai riƙa maimaitawa. Mai sabuwar mota ko wadda fentinta ke da lafiya, yana da rumfa, yana da niyyar riƙe ta shekaru, kuma ya sami ƙwararre mai ɗaki rufaffe, seramik zai biya shi. Idan ɗaya daga waɗannan sharuɗɗa ya faɗi, gara ya riƙe kuɗinsa. Wanda kuma bai sayi mota ba tukuna, ya sani cewa fara da mai ruwan azurfa sun fi baƙa ɓoye ƙura da zane, sun kuma fi ta sanyi a rana. Zaɓin launi kyauta ne, amma yana yin abin da kwalba mai tsada ba ta yi.

Da yake gani ya kori ji, ga gwajin da kowa zai iya yi. Ka wanke murfin injin motarka, ka raba shi gida uku da salatif. Ka shafa kaki a ɗaya, shafin roba a na biyu, ka bar na uku haka nan. Ka ci gaba da aikinka yadda ka saba. Kowace Juma'a ka watsa ruwa kofi ɗaya a kan kowane gida, ka duba wanne ne ya fi saurin sakin ƙura, da makon da ruwa ya daina gangarowa. Bayan wata biyu za ka san abin da ya dace da hanyarka da ruwan unguwarku, sanin da babu mai kanti da zai ba ka. Idan kuma wani ya zo maka da kwalbar da ya ce shekara biyar take yi, ka tambaye shi inda zai shafa ta, da awa nawa zai yi yana gyaran fentin kafin ya buɗe ta. Amsarsa za ta nuna maka ko ya san aikin.

Wanda ya yi gwajin, muna maraba da abin da ya gani, domin sauran 'yan'uwa su amfana.